Daga Tirupati Zuwa Kwatarkwashi: Me Iyalan Fim Ɗin Indiya Ke Hawa Dutse Su Yi?



Kwanakin baya muna zaune a gida nan Gusau, an kawo wuta, ƙanwata ta saka mana wani fim ɗin Indiya na fassarar Hausa. Aka zo wurin nan da kowa ya sani: iyali gaba ɗaya sun ɗauro kaya, uwa da uba, ango da amarya, har da tsohuwa ana riƙe da hannunta, babu mai takalmi, suna hawan wata matattakala da ba a hango ƙarshenta. Ƙanwata ta ɗauki rimot za ta tura gaba, wai wurin gumakansu ne, babu komai a ciki. Sai kakarmu, da duk muka ɗauka barci take yi, ta ce, "Bar shi nan. Wanga hawan dutsi ai ba baƙon abu ba ne. Ku da ka wucewa Kwatarkwashi kullum, kun taɓa tambaya mi aka yi bisa nai zamanin da?"

Muka yi shiru. Gaskiya babu wanda ya taɓa tambaya a cikinmu.

Shi ya sa na ce yau bari mu ajiye labarin wane ya auri wance, mu duba wannan fitowa da ke maimaituwa a fina-finan Indiya. Sau da yawa sai ka gan ta. Wasu suna tura ta gaba, wasu suna kallo suna dariya, wasu kuma, kuma waɗannan su ne suka fi damu na, suna ɗaukar waƙar wurin su saka a waya ba su san me ake cewa ba. Tun da wuri in faɗa: ni Musulmi ne, ba tallar addinin kowa na zo yi ba. Bayani ne kawai, don mu riƙa sanin abin da idonmu ke gani.

Dutsen da ke cikin fim, akwai shi da gaske

Mu fara da wanda ya fi kowane suna, wato Tirumala, wanda aka fi sani da sunan garin da ke gindinsa, Tirupati. Yana jihar Andhra Pradesh a kudancin Indiya, ƙasar masu harshen Telugu. To ai kun san su, su ne su Prabhas da Allu Arjun da Mahesh Babu, waɗanda fina-finansu suka cika wayoyinmu a fassara. Duwatsu bakwai ne a jere, a samansu akwai ɗakin bautar wani abin bautarsu da suke kira Venkateswara, wasu su ce Balaji. Dajin nan na Seshachalam da Pushpa yake satar jan katako a cikinsa a fim ɗin 2021, wannan jerin duwatsun ne. Ka ga ashe ka daɗe da sanin unguwar.

Akwai hanyar mota har sama, amma wanda ya ɗauki alwashi da ƙafa yake hawa. Hanyar da ta tashi daga Alipiri tana da matakala kusan 3,550, kuma mutane da yawa ba takalmi suke bin ta. A rana ta yau da kullum, ba ranar biki ba, mutum dubu sittin ko fiye ne ke shiga wurin. Za ka yi awanni a layi, in ka iso gaban gunkin kuma daƙiƙoƙi kaɗan za a bar ka, ma'aikata na tura ka gaba. Wannan ganin ido na ɗan lokaci shi suke kira darshan, kuma shi ne maƙasudin tafiyar duka. A wurinsu, mutum ya ga abin bautarsa, shi ma ya gan shi, an gama. Shi ya sa a fim za ka ga kyamara ta tsaya a kan idon jaruma, sannan ta koma kan idon gunki, ta sake dawowa. Ba cika lokaci darakta yake yi ba, ainihin abin ke nan yake nunawa.

Me ke kai su? Yawanci alwashi ne, irin abin da mu za mu kira bakance. Mace ta daɗe ba ta haihu ba, ta ce in ta samu za ta hau da ƙafa. Yaro ya ci jarrabawa, uba ya warke daga jinya, an samu mijin ƴa bayan dogon jira. To idan buƙata ta biya sai a je a sauke nauyi, kuma ba a zuwa mutum ɗaya, gida ake kwasa. A nan ne maganar aski ta shigo. A Tirumala dubban mutane ke aske kansu ƙwal kullum, maza da mata da jarirai, suna ba da gashin a matsayin sadaukarwa. Hukumar da ke kula da wurin tana tara shi, ta ware dogo da gajere, ta yi gwanjonsa. Kamfanoni su saya, su wanke, su gyara, su fitar ƙasashen waje. Ƴan uwa mata, wani ɓangare na wannan gashin Indiya mai tsada da ake tallatawa a Instagram daga irin waɗannan wurare ya fito. Da na faɗa wa ƙanwata haka sai da ta ajiye cokali.

Akwai kuma tukunyar kuɗi da suke kira hundi, inda masu ziyara ke zuba kuɗi da zinariya. Labarin da suke bayarwa shi ne wai abin bautar nasu ya ci bashi a wurin Kubera, mai kula da dukiya a tatsuniyoyinsu, don ya yi hidimar aurensa da Padmavati, kuma har yau mabiyansa ke taya shi biya. Kai, ashe bashin biki ba a Arewa ya fara ba. Idan an fito kuma a karɓi laddu, wani dunƙulen kayan zaƙi, a kai wa maƙwabta tsaraba. Shi ne za ka ga a fim uwa ta dawo daga tafiya tana gutsura wa kowa a baki.

Taurarinsu ma suna zuwa. Deepika Padukone da Ranveer Singh a can suka yi cikar shekara ɗaya da aure a Nuwamba 2019. Shah Rukh Khan, wanda Musulmi ne, ya je tare da ƴarsa Suhana da Nayanthara a Satumba 2023, ana saura kwanaki kaɗan Jawan ya fito, kuma an yi ta cece-kuce a kai. Al'ada ce a masana'antarsu, kafin fim ya shiga kasuwa a ga jarumi a irin waɗannan wurare, kuma kowa ya san akwai talla a ciki.

Tirupati ba shi kaɗai ba ne. A arewa can Jammu akwai Vaishno Devi, wani kogo a kan dutsen Trikuta, tafiyar kusan kilomita 13 daga garin Katra. Cunkoson wurin ba wasa ba ne, a ranar 1 ga Janairu 2022 turmutsitsi ya kashe mutum 12. A Tamil Nadu kuma akwai Arunachala, inda ba ɗakin da ke kan dutse ake girmamawa ba, dutsen ne da kansa suke ɗauka abin bauta. Kewaye shi ake yi, kilomita 14, galibi a daren da wata ya cika, kuma sau ɗaya a shekara a kunna wata babbar wuta a ƙololuwarsa wadda ake hangowa daga nesa. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Fina-finai biyu da suka fi nuna abin

Wanda ya kalli Chennai Express na 2013 ba zai manta wurin da Shah Rukh Khan ya ɗauki Deepika ya hau matakala 300 da ita ba. Mu dai soyayya muka gani, muka yi ta ihu. Amma dubi ginin labarin. Tun farko me ya fitar da shi daga gida? Kakarsa ce ta ba shi tokar gawar kakansa ya kai Rameswaram, ɗaya daga cikin manyan wuraren ziyararsu a bakin teku. Shi kuma ya yi niyyar zillewa ya tafi Goa shaƙatawa da abokai. Fim ɗin gaba ɗaya labarin yaro ne mai gudun nauyin iyali, har hanya ta tilasta masa ɗauka. Hawan matakalar nan shi ne wurin da ya fara ɗaukar nauyin wani da gaske. Idan ka tura wurin gaba, to ka tura zuciyar fim ɗin.

Na biyun ya fi taɓa ni, Kedarnath na 2018. Wurin na gaske ne, yana cikin duwatsun Himalaya, sama da mita 3,500 daga doron teku, sanyinsa ya sa kusan rabin shekara a rufe yake. Daga inda mota ke tsayawa akwai tafiyar ƙafa ta wajen kilomita 16. Marigayi Sushant Singh Rajput ya fito a matsayin Mansoor, Musulmi ɗan dako, wanda sana'arsa goya tsofaffi da marasa ƙarfi a kwando ya kai su sama. Sara Ali Khan kuma, a fim ɗinta na farko, ƴar malamin wurin bautar ce. Ambaliyar da ta zo a ƙarshe ba ƙirƙira ba ce, ta faru a Yuni 2013 kuma dubban mutane suka mutu. Abin da fim ɗin ya fito da shi fili, wanda sauran ke ɓoyewa, shi ne a bayan kowace ziyara akwai tattalin arziki: ƴan dako, masu alfadarai, masu shayi, masu masauki. Dutsen wurin ibada ne ga wasu, ga wasu kuma kasuwa ce.

Sai maganar waƙa, kuma nan nake so a saurare ni da kyau. Waƙar buɗe Kedarnath, wadda Amit Trivedi ya yi, kirari ce ga Shiva daga farko har ƙarshe. Waƙar nan mai manyan ganguna ta Agneepath na 2012, wadda samari ke son ɗorawa a bidiyon motsa jiki, ta bikin Ganesha ce, gunkin nan mai kan giwa. Kiɗan yana da daɗi, ban musa ba. Amma akwai bambanci tsakanin waƙar soyayya da waƙar bauta, kuma mai fassara ba kasafai yake fassara waƙa ba, maganganu yake fassarawa ya bar waƙar yadda take. Na taɓa jin irin wannan waƙa a wurin kamu, ƴan mata na ta juyi, babu wanda ya san kalma ɗaya. Alamominta ba su da wuyar ganewa: ƙararrawa, busar ƙahon katantanwa, taron murya na amsawa, sunan da ake ta maimaitawa, da jarumi ya haɗa tafin hannu ido a rufe. Magabatanmu a wannan harka sun fi mu lura. Masu bandiri a Kano sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin Indiya, amma sai su zubar da baitocin su zuba yabon Manzon Allah (SAW). Sun san abin da suka ɗauka, sun san abin da suka bari.

Namu dutsen

To mu dawo gida, ga tambayar Kaka.

Duk wanda ya taɓa fita Gusau ta hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ya ga dutsen Kwatarkwashi. Ba ya ɓuya. Ka wuce jami'ar tarayya kaɗan sai ga shi ya tokare sama, baƙi wuluk, garin na kwance a gindinsa. A ƙaramar hukumar Bunguɗu yake, kuma garin masarauta ce mai tsohon tarihi, ta girmi Gusau nesa ba kusa ba. Sarkinta Alhaji Ahmad Umar, Mai Kwatarkwashi, ya shekara 61 a kan karaga kafin rasuwarsa a Yuni 2022.

Kafin Musulunci ya game ko'ina, wannan dutse yana cikin manyan wuraren tsafi na ƙasar Hausa. Maguzawa sun yi imani mazaunin iskoki ne, kuma sunan da ya fi fita a nan shi ne Magiro. Ba mutanen garin kaɗai ke girmama shi ba, daga wasu garuruwa ake tasowa a zo da buƙata, a yi yanka, a ɗauki alwashi. Akwai kuma bikin shekara da ake kira Baura, wanda babban abin kallo a cikinsa shi ne jarumai su hau dutsen su kamo mikiya da rai, don saman nan gidan mikiya ne. Ka tsaya ka hasko wannan a idonka: gari ya cika, ganguna na tashi, samari sun maƙale a jikin dutse inda santsi ɗaya ya isa ya gama da mutum, ƴan mata na ƙasa ana jiran a ga wa zai sauko da tsuntsu a hannu. Wallahi da Telugu ne suke da wannan, da tuni Rajamouli ya yi kashi biyu.

Kun tuna Arunachala, inda na ce dutsen kansa ake girmamawa? To namu ya fi kama da wannan. Babu ginin ɗaki mai hasumiya, babu matakala dubu uku, dutsen da kogunansa su ne wurin. Kuma ba Kwatarkwashi kaɗai ba. Duk ɗan makaranta ya san Dala a Kano, da Barbushe da Tsumburbura. Zariya na da Kufena. Tsofaffin garuruwan Hausa da yawa a gindin dutse suka tsiro, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Dutse mafaka ne ranar yaƙi, yana riƙe ruwa a kogunansa har cikin rani, ƙasar gindinsa na da albarkar noma, daga samansa ana hango maƙiyi tun yana nesa. Abin da ya ba mutum ruwa da tsaro, in babu hasken tauhidi, ba da jimawa ba zai fara yi masa yanka. Haka ta faru a can, haka ta faru a nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bincike shi ne maƙwabtaka. Ƴandoto, nan ƙasar Tsafe, tsohon garin malamai ne da ɗalibai ke zuwa karatu daga nesa tun kafin jihadi, har sai da rundunar Muhammadu Bello ta ci garin a farkon jihadin Shehu Usmanu. A wancan zamani yankin nan duka ana lissafa shi cikin ƙasar Katsina. Wato a lokaci guda, tafiyar da ba ta kai yini ba, ga garin allo da tawada, ga dutsen Magiro. Mutum ɗaya ma zai iya zuwa nan da safe ya biya can da yamma, kamar yadda har gobe ake samun mai zuwa wurin malam ya zarce wurin boka. Musulunci bai share wancan a dare ɗaya ba, a hankali ya ci shi, gida bayan gida, har bikin ya mutu. Yau Kwatarkwashi garin Musulmi ne, kiran salla ke amsa kuwwa a jikin dutsen.

A nan muka rabu da Indiya. Nasu yana raye, ana yi, gwamnati na gina hanya ana sayar da tikiti a intanet. Namu ya zama tarihi, kuma alhamdu lillahi da ya zama tarihi. Babu mai hankalin da zai ce a dawo da yanka wa dutse.

Amma me ya hana mu ba da labarin?

Wannan ita ce tambayata ga Kannywood, da ma matasan da ke haɗa fina-finai masu dogon zango a YouTube nan Gusau. Ku dubi Kantara na 2022. Rishab Shetty ya ɗauki al'adar ƙauyukan yankinsu, ta iskokin daji da mai rawar da iska ke hawa kansa, abin da duk Bahaushen da ya san bori zai gane nan take, ya haɗa da rikicin fili tsakanin talakawa da mai gari da jami'in gandun daji. Da ɗan kuɗi kaɗan aka yi shi, ya zagaye duniya, mu ma nan muka kalla muka yi ta yabo. Mu kuwa in an tashi ɗaukar waƙa sai lambun otal, ko falon wani Alhaji, in an yi ƙoƙari a je duwatsun Jos. In kuma an nuna zamanin da, to boka ne da jan ƙyalle da dariyar mugunta, shi ke nan.

Na san amsar farko: tsoron a ce an tallata shirka. Damuwa ce ta gaskiya, ba na raina ta. Amma labarin yadda gari ya bar tsafi ya karɓi Musulunci ai ba tallar tsafi ba ne. Ka ɗauki saurayi ɗan gidan masu kula da dutse, gwanin kamun mikiya, wanda ya je Ƴandoto ya zauna gaban malam, ya dawo ana jiran ya gaji ubansa. Uwa na kuka, gari na kallo, budurwa na jiran mikiyarta. Wane rikici ne ya fi wannan? Kiɗa kuma ba sai an aro daga Mumbai ba. Jihar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi da Sani Sabulu na Kanoma ba ta rasa taushi da kotso da kalangu da gangar farauta da za su ɗauki irin wannan fim.

Amsa ta biyu ita ce mai ciwo, kuma duk ɗan Zamfara ya san ta. Wa zai kwashi kyamara da ƴan wasa talatin ya kwana a gindin dutse a halin da ake ciki? Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ta zama hanyar da ake shiga da addu'a a baki. A Satumba 2021 sai da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda ƴan bindiga. A Satumba 2023 aka shiga Sabon Gida, nan kusa, aka kwashi ɗaliban jami'a daga gidajen kwanansu. Iyalin da muke gani a fim suna hawa da jariri da tsohuwa cikin dare, fitilu a kunne, masu shayi a gefen hanya, abin da ya ba su wannan dama ba gunki ba ne, tsaro ne. Mu kuwa yaran da aka haifa cikin shekarun nan, da yawansu dutsen nan ta gilashin mota kawai suka san shi. Manyanmu suna ba da labarin yadda ake zuwa yawon Salla a hau a sha iska, ɗalibai su zo da malamansu. Kuma tsofaffin da suka ji labarin Baura daga bakin waɗanda suka gani da ido suna ta ƙarewa. Wannan ɓangaren bai buƙatar kuɗin fim, waya ɗaya mai caji da tsoho ɗaya mai son magana sun isa.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muka je Tsafe gaisuwar rasuwa, mu shida a mota har da Kaka. Da muka iso daidai Kwatarkwashi ƙanwata ta ciro waya, ta roƙi direba ya ɗan rage gudu ta ɗauki hoto. Ya kalli agogo, ya kalli hanya, ya ce ta yi haƙuri, yana so mu juyo kafin la'asar. Hoton da ta samu duk ya yi dishi-dishi, rabin dutse rabin bishiya. Kaka ba ta ce komai ba, ta dai juya wuya tana kallonsa ta gilashin baya har ya ɓace.